Yadda Ake Bin Sawun Fosfet Idan Ƙwayar T Ta Farka

Ɗalibai da yawa kan haddace sunayen furotin ɗin da ke tayar da ƙwayar T ta garkuwar jiki, washegari komai ya gudu. Ni shawarata, ɗauki takarda da biro ka bi sawun abu ɗaya tak: fosfet. A kowane mataki ka tambaya, wa ya liƙa shi, a jikin wa, wa zai cire shi? Masu liƙawa su ne kinas, daga ATP, ma'ajiyar makamashin ƙwaya, suke ciro shi. Masu cirewa kuwa fosfatas. Gano wannan liƙe da cirewa ne ya jawo wa Edmond Fischer da Edwin Krebs kyautar Nobel a 1992.

Fara da bakin ƙofa. Zana TCR, mai karɓar saƙo, ya kama guntun baƙon furotin da wata ƙwaya ta miƙo masa a kan MHC, furotin ɗin da ke zama kamar faifan nunawa a bayan ƙwaya. Shi kansa ba ya liƙa fosfet. Sarƙoƙin CD3 da zeta da ke gefensa ne suka zura wutsiya cikin ƙwayar, ɗauke da gurabe 10 da ake kira ITAM, kowanne da tairosin biyu, wato wuraren da fosfet ke sauka a jikin furotin.

Sai Lck, kuma a nan nake so ka daɗe. Kinas ne da ke rataye a wutsiyar CD4 ko CD8, mataimakan TCR wajen riƙe MHC. Fosfet a tairosin na 394 yana kunna shi. Amma wanda Csk, wani kinas ɗin, ke liƙawa a na 505 naɗe shi yake yi, ya yi shiru, har sai CD45, wanda fosfatas ne, ya zo ya cire. Ka ja layi a ƙarƙashin wannan, domin a nan ake yawan tuntuɓe: fosfet kan kunna, kan kuma kashe, ya danganta da inda ya sauka.

Da Lck ya liƙa wa ITAM fosfet biyu, ZAP-70, wanda shi ma kinas ne, ya samu wurin zama. Lck ya kunna shi, shi kuma ZAP-70 ya liƙa wa LAT da SLP-76 fosfet. Waɗannan biyun dandali ne kawai da sauran ke taruwa a kai.

Daga dandalin ka ja kibiya zuwa PLC-gama-1, mai tsaga PIP2, wani maiƙo a fatar ƙwayar, gida biyu, IP3 da DAG. DAG ya kama hanyar PKC da Ras, wasu furotin masu isar da saƙon gaba. IP3 ya saki kalsiyam, kalsiyam ya tayar da kalsiniyurin. Lura, kalsiniyurin fosfatas ne. Sai ya cire wa NFAT, furotin mai kunna ƙwayoyin halitta, fosfet kafin NFAT ya iya shiga cibiyar ƙwayar ya taimaka a fara yin IL-2, wanda ke sa ƙwayoyin T hayayyafa. Saikulosporin da takrolimus, magungunan da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, wannan matakin suke tarewa.

Kada ka ajiye biro ba ka sa birki ba. Zana PD-1, mai karɓar saƙon tsayawa, a gefe, ya jawo SHP-2, fosfatas da ke share fosfet daga CD28, mai ƙarfafa saƙon TCR, da maƙwabtansa. Da jan biro ka soke kowace kibiyar da ya kashe.