Yadda zaka sayar da Challenger ko Mustang ɗinka da ta taɓa shan ruwa a Amurka

Wannan rubutun na ƴan uwa ne dake zaune a Amurka, musamman mu na Teksas, da suka sayi irin motocin nan masu ƙaton inji mai silinda 8 da ake cewa masul ka, su Dodge Challenger, Charger, Ford Mustang, Chevrolet Camaro, a farashi mai sauƙi saboda takardarta na ɗauke da tambarin ambaliya, yanzu kuma lokacin rabuwa da ita yazo. Ni tawa Challenger R/T ce ta 2015, mai injin HEMI 5.7, tana cikin motocin da guguwar Harvey ta jiƙa a Hiyuston a watan Agustan 2017, wani ya ɗauko ta a gwanjo ya gyara, ni kuma na saya a hannunsa ina sane da komai, na hau ta shekaru kafin iyali su ƙaru ƙofa biyu ta daina isarmu. Abinda na bi wajen sayar da ita shi zan jero maka.

Da farko ka ɗauko takardar mallakar motar, taitil kenan, ka karanta ta da kyau kamar baka taɓa ganinta ba. Akwai bambanci babba tsakanin wadda aka rubuta Salvage kawai da wadda aka rubuta Rebuilt Salvage. Ta farkon ma'anarta kamfanin inshora ya yanke cewa gyaran motar yafi ƙarfin kuɗinta, kuma a haka ba'a yi mata rajista ba'a hawa titi da ita. Ta biyun kuwa, ribil kenan, an gyara an kai takardu an sake bata izinin hawa titi, amma tambarin yana nan daram, a Teksas zaka ga an ƙara Flood Damage a jiki. In har taka bata wuce matakin farko ba toh ka tsaya ka gama wannan tukuna, akwai fom VTR-61 na hukumar motoci ta jihar da ake cike bayanin gyaran a ciki. Ka duba sunanka ne a kai, kuma ba wani bashin banki dake rataye da ita. Kowace jiha da tsarinta, abinda nake faɗa na Teksas ne, in kana Fulorida ko Jojiya ka leƙa shafin hukumarku.

Daga nan ka binciki motarka da kanka kafin mai saye ya bincike ta. Lambar shasi, VIN, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ƙofa. Ka saka ta a VINCheck na NICB, ƙungiyar dake yaƙi da zambar inshora, kyauta ne, ka sayi rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck, akwai kuma rumbun NMVTIS na gwamnatin tarayya wanda jihohi da kamfanonin inshora da masu gwanjo ke zuba bayanai a ciki. Sannan ka rubuta lambar tsurarta a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan a intanet, motar cikin laka, wani lokacin har da layin da aka ja a jikin ƙofa na inda ruwa ya tsaya. Duk mai saye mai wayo sai yayi wannan, gara ka riga shi gani kasan amsar da zaka bashi. Tambayoyi biyu zasu dinga dawowa: ina ruwan ya kai, kuma wane irin ruwa ne. Wanda ya tsaya a kafet daban, wanda ya hau kujera daban, wanda ya taɓa dashbod kuwa wannan sai addu'a. Ruwan sama irin wanda ya cika unguwannin Hiyuston yafi sauƙi akan ruwan teku mai gishiri irin wanda guguwar Ian ta turo gaɓar Fulorida a 2022, shi gishiri baya daina cin ƙarfe da waya ko bayan shekaru.

Yanzu sai wajen bakanike, kuma nan ne nake so ka ɓata lokaci da ɗan kuɗi. Ka samu gareji mai zaman kansa, ba wanda ya gyara ta tun farko ba, kace su duba ta kamar su zasu saya su baka a rubuce. Masu Challenger da Charger ku sani batir ɗinku a but yake, ƙarƙashin shimfiɗa kusa da safaya taya, kuma akwai akwatin fiyus a wajen, wato daidai ramin da ruwa ke taruwa ya kwanta. Ranar da muka ɗaga tawa, bakaniken ya zare wani soket ya haska min da tocila, ƙafafunsa biyu sunyi kore shar kamar tsohon kwabo, motar kuma lafiya lau take tafiya bata taɓa nuna komai ba. Da mun barshi wata rana a hannun wani zata mutu a tsakiyar titi. Muka canza, na ajiye rasit da hoton tsohon.

Sauran wuraren, a ɗaga kafet a taɓa soson dake ƙarƙashinsa don shi yake riƙe danshi da wari, a duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko yayi tsatsa, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai tabon laka. A duba man giya da man difaranshal na baya, in yayi kalar shayi da madara toh ruwa ya shiga. A gwada matsin kowace silinda, saboda injin da ya zuƙi ruwa yana aiki yakan lanƙwasa ƙarfen fistin, ruwa baya matsuwa kamar iska. Abinda yafi damuna ni dai shine iyabag, jakar iskar nan dake buɗewa in anyi hatsari, ƙwaƙwalwarsa a motoci da yawa tana ƙasa ne tsakanin kujerun gaba inda ruwa ke fara isa, kuma wannan maganar rai ce. Ka kunna makulli ka tabbatar fitilarsa ta kama sannan ta mutu da kanta, in bata kama ba sam akwai yiwuwar wani ya kashe ta ne da gangan. A jona kwamfuta a karanta dukkan birenbos ɗin motar har na birki da na giya. Dan Allah kar ka goge kod ɗin matsalar da kwamfutar ta nuna ana gobe mai saye zaizo, ƴar na'urar dala 20 ma tana nuna cewa yanzu aka goge, daga nan duk abinda ka faɗa ƙarya zai ɗauke shi.

Wanki kuma ayi shi sosai, a canza matatar iskar esi, a shanya ta a rana. Amma banda feshe ta da turare ko rataya abin ƙamshi guda biyar, duk wanda ya san motar ruwa yana buɗe ƙofa yaji ƙamshi yayi yawa ya gane ana rufe wani abu.

Ka haɗa fayil guda: rahoton bakanike, rahoton Carfax, hotunan gwanjo, duk rasit na canjin baƙin mai da taya da birki tunda ka saye ta. Hujjarka mafi ƙarfi itace shekaru da mil ɗin da tayi bayan ruwan. Motar da ta sha ruwa wata uku da suka wuce babu wanda ya san abinda zata haifar, wadda kuwa tayi shekara biyar ana hawanta kullum ta riga ta fitar da yawancin ciwonta.

Farashi, nan zuciya ke wahala. Kelley Blue Book, masu ƙiyasta farashin motoci, da kansu suna cewa a ƙa'idar kasuwa ana zabge kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari ga motar da takardarta ke da tabo, kuma ta ruwa tafi karkata can ƙasa saboda mutane sunfi tsoronta akan wadda tayi hatsari, hatsari ana ganin inda ya tsaya shi ruwa ba'a gani. A ce irin taka mai tsaftatacciyar takarda ana sayar da ita dala 20,000, toh ka sa ranka tsakanin 12,000 da 16,000, ka ɗora ɗan abinda za'a rage maka a ciniki. Kar ka lissafa kuɗin salansa mai ƙara da rim ɗin da ka saka, basa dawowa. Abu ɗaya dake taimakonmu shine Dodge sun daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Camaro ma ta tsaya a ƙirar 2024, masu son V8 kuma basu ƙare ba. Dila zai karɓa amma tayin da zai maka sai ranka ya ɓaci, ka sayar da kanka yafi.

Wajen talla, a Facebook Marketplace ko Craigslist ko zaurukan masu irin motar, ka saka maganar takardar a layin farko, kar ka kaita can ƙasa bayan ka gama yabon inji. Shekara, ƙira, mil, sannan kace takardar ribil ce ta ambaliya, shekara kaza, ruwa ya kai wuri kaza, ina hawanta tun shekara kaza, akwai rahoton bakanike, ga VIN. Mu da muka taso a makarantar allo mun san hadisin nan na mai sayar da hatsi da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin yaji danshi, mutumin yace ruwan sama ne ya taɓa shi, aka ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda yayi algus baya tare damu. Wallahi duk lokacin da na tuna sai inga kamar akan motar ruwa aka yi maganar. Ta fuskar doka ma ɓoyewar na iya kaika kotu da zargin zamba. Hotuna ka ɗauka da rana, har da cikin but an ɗaga shimfiɗa, da ƙarƙashin mota, da bidiyon tada inji da safe yana sanyi dashbod na nunawa.

Masu kira zasu yi yawa, masu saye kaɗan ne. Bankuna da yawa basa bada bashi akan irin wannan takardar, wasu kamfanonin inshora kuma iyakarsu su rufe ɓarnar da ka yiwa wani, motar kanta babu ruwansu. Saboda haka tun a waya nake cewa mutum, kuɗi a hannu ne, kuma ka kira inshorarka ka basu VIN kaji me zasu ce kafin ka taso. Wannan kaɗai ya rage min rabin wahala. Wanda zai saya a ƙarshe yawanci mai taɓa gyara ne da kansa, ko mai son motar zuwa filin tsere, ko wanda injin yake so. Yara matasa masu son su ɗana kawai suma zasu zo, ka haɗu da mutum da rana a wuri mai jama'a, ofisoshin ƴan sanda da dama suna da filin da suka ware don irin wannan, ka ga lasisinsa, ka zauna a gefensa, doki 370 da wani abu ba abin miƙawa baƙo makulli ya tafi shi kaɗai bane. In yace zai kai wa bakanikensa ka amince da sauri.

Akwai maganar da dole in taɓo. Ina cikin wannan ƙanina ya kirani daga Kano yace "Yaya, ka sako ta a kwantena kawai ta Kwatano ko Legas, nan wa ya san wani taitil, Beljiyam ce kawai za'a ce." Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, da zarar kwastan sun bada takardarsu tambarin ya ɓace, kuma haka motocin gwanjo masu yawa suke shigowa ƙasarmu. Amma wanda zai saya ɗin ɗan uwanka ne da ya tara kuɗinsa, zai shiga hanyar Kaduna da iyalinsa da iyabag ɗin da bai san ya taɓa kwana a ruwa ba, kuma wayarin ɗin Challenger in ya fara rikici ba kowane mai gyara zai iya masa ba. Nace masa a'a. In zaka tura gida ba laifi, ka tura da fayil ɗin gaba ɗaya, ka faɗawa dillalin ya faɗa, ka rubuta a takardar ciniki, kuma ka sani kwastan ɗin Amurka na buƙatar asalin taitil aƙalla awa 72 kafin motar ta fita. Ku kuma na gida masu sayen ta waje, ku karɓi VIN ku bincika kafin ku biya ko sisi.

Ranar sallamawa ku haɗu a bankin mai sayen, ko ya ciro tsabar kuɗi a ƙirga a gabanka ko a rubuta cek ɗin banki kana kallo, cek na bogi yayi yawa kuma sai bayan kwanaki yake dawowa, lokacin mota ta daɗe da tafiya. Duk wanda yace zai turo fiye da kuɗin ka mayar masa da canji ɓarawo ne. Ka sa hannu a bayan taitil, ka rubuta mil daidai yadda yake, dokar tarayya ce ga ƙirar 2011 zuwa sama, kar ka kankare ko ka shafa farin fenti a takardar don lalacewa zata yi. Ku cike fom 130-U na neman juya taitil tare. Ku rubuta takardar ciniki kofi biyu mai ɗauke da suna, kwanan wata, VIN, farashi, da jimla ƙarara cewa mai saye ya san motar ta sha ambaliya, takardarta ribil ce, ya saya a yadda take ba garanti, ku biyun ku sa hannu. In da hali ka raka shi ofishin harajin gunduma a juya sunan a gabanka, shi zai biya harajin kashi 6.25.

Kafin ya ja ta ka ɓanɓare sitikar EZ TAG ta biyan kuɗin tolget ka cire motar daga asusunka, ka kwashe takardunka daga aljihun dashbod. Kana isa gida ka shiga shafin hukumar ka cike sanarwar sayarwa, VTR-346, suna bada kwana 30 amma kayi a daren, in ba haka ba tarar da ya jawo da kuɗin tolget duk sunanka zasu biyo. Sai ka ga ta shiga sannan ka kira inshora su cire motar.