Darasi na 9: Allurar baya idan za a ciro jariri da gaggawa

Yau maganar ɗakin tiyata za mu yi, don na lura da an ce wa mace "sai an yi aiki" hankalin gida duk ya tashi, har da masu cewa wai allurar baya gurgunta mutum take yi. To ku saurara.

Allurar iri biyu ce. Wadda aka fi yi a asibitocinmu ita ce sifainal, tsira ɗaya a ƙasan gadon baya, cikin kamar minti 5 ƙafafu sun yi nauyi. Ɗayar kuma efidural, ita wani siririn bututu kamar zare ake bari a bayan a manne shi da filasta, in mace tana naƙuda da shi sai aka ga dole a yi aiki, ta nan za a ƙara magani mai ƙarfi a jira minti 10 zuwa 15 ya kama.

Haɗa maganin aikin likitan sa barci ne ko nas ɗin da ta karanci fannin, ba na kowa ba. Zai wanke hannu ya sa safa, ya ɗaga 'yar kwalbar ya karanta sunan maganin, yawanci bupivacaine ko lidocaine, ya duba ranar lalacewa, sannan ya zuƙa a sabon sirinji. Wannan karatun fa ba iyayi ba ne, akwai maganin tsayar da jini da kwalbarsa ke kama da wannan, an taɓa musanya su har aka rasa rayuka.

Ke kuma naki aikin, ki zauna ki rungumi filo, haɓa a ƙirji, ki turo bayan waje, kar ki motsa, in naƙuda ta murɗo ki faɗa a dakata. In an tambaye ki yaushe kika ci abinci ki faɗi gaskiya ko da koko ne, haka jiƙon da aka ba ki a gida. Idonki biyu za a yi aikin, za ki ji ana ja ana dannawa amma ban da zafi, in kin ji zafi ko jiri ko tashin zuciya kar ki yi kara, yi magana. Bayan sifainal ƙafafu kan dawo cikin awa 2 zuwa 4. Ciwon kai mai tsananta in an tashi zaune kuwa, a gaya wa likita.

Maigida, kar a neme ka sa hannu a ji waya a kashe.

Aikin gida: kowa ta rubuta cikakken sunanta da lambar wayar wanda zai sa mata hannu, sau 3.