Yadda Ake Sauya Saitin Ƙaramar Bindiga Domin Wasan Harbi

Kafin a taɓa guduma ko magagari, akwai maganar doka. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol cikin rukunin bindigogin da ba a riƙe su sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya amince da shi, kuma ta taƙaita gyaran bindiga ga ma'ajiyar makamai ta hukuma da masu izinin gyara. Saboda haka wannan bayani na wanda yake da cikakkiyar takarda ne, ko yake atisaye a filin harbi da hukuma ta sani, kuma zai yi aikin a gaban mai kula da makamai.

Fistol mai ɗura kanta bayan kowane harbi tana da saiti biyu a kan murfin saman da ke zamewa, wato ɗan tsini a gaba da kuma mai tsaga a baya. Mutane da dama a nan Zariya, da zarar harsashinsu ya fara kaucewa tsakiyar takardar da ake harbi, sai su ɗora laifin a kan saiti, alhali sau da yawa yatsan da ke jan kunama ne yake karkatar da bakin bindigar. Shawarata ita ce ka fara jingina hannuwanka a kan jakar yashi, ka harba harsashi 5 a nisan mita 25, ka sake maimaitawa. Idan sun taru wuri guda amma nesa da tsakiya, matsalar ta saiti ce. Idan kuwa sun warwatse, sabon ƙarfe ba zai yi maganin komai ba.

Wajen zaɓen sabon saiti, ka tabbata saitin an ƙera shi ne domin samfurin bindigarka, domin faɗin ramin da yake shiga ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, haka ma tsayin tsinin gaba. Mai burin shiga gasa bisa ƙa'idar Hukumar Wasan Harbi ta Duniya, ISSF, ya sani cewa ba a yarda da saiti mai gilashi ko mai zaren haske ba, sai buɗaɗɗe marar ƙyalli. Ni ma shi na fi so, domin a ranar Zariya mai ƙarfi, saiti mai ƙyalli yana ruɗar ido.

Kafin ka fara aikin sauyawa, ka cire gidan harsashi, ka ja murfin zuwa baya, ka duba ɗakin harsashi da ido sannan ka taɓa da yatsa, ka kuma fitar da duk harsasai daga ɗakin da kake aiki. Bayan haka ka raba murfin da gangar jikin, ka zare sifirin da bututun, ka ajiye su gefe. Ka naɗe murfin da fata ko kwali mai kauri kafin ka matse shi a kan tebur, kuma kada ka tsananta matsi har ya lanƙwashe. Kafin ka motsa tsohon saitin baya, ka ja layi da fensir daidai tsakiyarsa, domin wannan layin ne zai nuna maka inda sabon zai fara zama.

Saitin baya yana zaune ne a cikin rami mai faɗin gindi, ana tura shi ta gefe. Littafin kamfani zai gaya maka ta wane ɓangare yake fita, kuma ya kamata a duba, domin wasu ramukan sun fi tsukewa ta gefe ɗaya. Idan akwai ƙaramin sukuru da ke riƙe shi, a fara kwance shi. Na'urar tura saiti ta fi kyau, amma guntun tagulla da ƙaramar guduma ma suna yi, da bugu kaɗan kaɗan. Tagulla ta fi ƙarfen murfin laushi, shi ya sa ba ta yi masa rauni. Ka goge ramin sarai, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Idan sabon saitin ya ƙi shiga, gindin saitin ake gogewa da magagari mai laushi, ana gwadawa bayan kowane shafi biyu ko uku. Kada magagari ya taɓa ramin murfin ko kusa, domin saiti mai araha ne, murfi kuwa idan ya lalace ya lalace ke nan.

Tsinin gaba a bindigogin kamfanin Glock ɗan sukuru ne mai kusurwa shida yake riƙe shi daga ciki. A sa masa ɗigo ɗaya na shuɗin Loctite, wato gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, a ɗaure a hankali domin zarensa siriri ne, a bar shi ya kwana.

Daga nan sai filin harbi. Saitin baya ana matsar da shi zuwa inda ake so harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Lissafin shi ne a ninka kuskuren da tazarar da ke tsakanin saitin biyu, a raba da nisan takarda. Idan harsashi ya kauce hagu da santimita 10 a mita 25, tazarar saitin kuma milimita 165 ce kamar ta Glock 17, to saitin baya zai matsa dama da kusan milimita 0.7 kacal, abin da bai kai kaurin katin ATM ba sosai. Bayan kowane gyara ka cire harsashi gaba ɗaya kafin ka taɓa saitin, ka sake harba 5, ka rubuta kwanan wata da irin harsashin a bayan takardar, domin wani nauyin harsashi yana iya sauya inda zai sauka.