Yadda ake haɗe laburare biyu ba tare da littattafai sun salwanta ba

Na taɓa shiga aikin haɗe laburare biyu, lokacin da aka mayar da wata kwaleji ƙarƙashin jami'ar da nake aiki. Abin da muka fara yi shi ne kiran mota. Muka cika kwalaye, aka loda, aka jibge mana su a bakin ƙofa, kuma sai da zangon karatu ya ƙare ɗalibai suna tambayar littattafan da ke ɗaure cikin kwali. Tun daga nan duk wanda aka ɗora wa wannan aiki nakan ce masa, mota ita ce ta ƙarshe.

Fara da ƙidaya. Ɗauki kundin rajista na kowane ɓangare ka bi kanta-kanta, ka rubuta abin da ke nan, abin da aka ara ba a dawo da shi ba, da wanda gara ta cinye.

Sai babban aikin, wato tsarin jera littattafai. Sau da yawa kwaleji tana kan tsarin Dewey, jami'a kuma tana kan na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Littafin addinin Musulunci a Dewey yana lamba 297, a ɗayan kuma yana ƙarƙashin BP. Tarihin Najeriya 966.9 ne a nan, DT515 a can. Dole a zaɓi ɗaya, kuma ni ina ganin a bi na ɓangaren da ya fi yawan littattafai. Kada ka ce sai ka sauya lambobin duka a lokaci guda. Fara da waɗanda ake ara kullum, sauran su zauna a sashe na musamman da tsohuwar lambarsu har a iso kansu.

Lambar rajista ma takan yi karo, ka tarar da littattafai biyu daban-daban da lamba ɗaya. Sa harafi a gaban lambobin kowane ɓangare, kuma don Allah kada ka goge tsohon hatimi. A 1984 an mayar da jami'ar fasaha ta Bauchi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta Yola ƙarƙashin Maiduguri, ta Makurdi ƙarƙashin Jos, a 1988 kuma aka sake raba su. Ranar rabuwa, hatimin nan ne zai nuna na wane ne.

A kwamfuta, idan Koha, wato manhajar tafiyar da laburare, kuke amfani da ita, fitar da bayanan kowane ɓangare a tsarin MARC, wato tsarin da laburare ke rubuta bayanan littafi a kwamfuta, ka gwada haɗawa a kwafi tukuna. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, tana taimakawa wajen gano maimaici, amma tsofaffin littattafai da yawancin na Larabci bugun kasuwa ba su da ita, sai an duba da ido. Haka sunayen marubuta: Usman dan Fodio a wani kati, Uthman b. Fudi a wani, alhali Shehu ɗaya ne. A tsayar da rubutu guda, sauran su yi nuni zuwa gare shi.

Kada a manta da ma'aikata. Dattijon da ya shekara ashirin a laburaren kwaleji ya san inda komai yake, a zauna da shi tun farko, a kuma faɗa wa kowa matsayinsa a rubuce kafin tsegumi ya riga ka.

Ɗaukar kaya a bar shi sai dogon hutu. A rubuta lambar farko da ta ƙarshe a jikin kowane kwali. Kundayen digiri da rubuce-rubucen hannu na Ajami, waɗanda kwafi ɗaya ne tak, ma'aikaci ya tafi da su da kansa, a ƙirga a gabansa, mai karɓa ya sa hannu.