Yadda ake kula da ruwan sanyaya injin babbar mota a zafin Tahoua

Babbar motar da ta ɗauko siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi, ta nufi Abalak da Agadas a watan Afrilu ko Mayu, tana tafiya ne cikin zafin da ke wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma injinta na ƙona gazuwal ba hutawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da wannan ƙuna ke haifarwa ruwan da ke zagaya inji ne ke kwashe shi, ya kai shi lagireto, inda iska ke ɗauke shi. Saboda haka ruwan da ake zubawa a lagireto ya cancanci kulawar da ake ba baƙin mai, ko da yake a yawancin garejojinmu ba haka ake ɗaukarsa ba.

Direbobi da yawa suna ganin ruwan maganin lagireto da ake sayarwa a galan, mai hana daskarewa da tsatsa, na ƙasashen sanyi ne kawai, tunda a nan ruwa ba ya daskarewa, don haka sai yaron mota ya ɗebo na rijiya ko na tabki ya cika lagireto. Wannan kuskure ne mai tsada. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishiri da narkakken farin dutse, musamman a ƙasar Adar mai duwatsu, kuma idan ya yi zafi sai su kwanta a jikin ƙarfe, irin farin ɓawon da ake gani a gindin butar shayi da ta daɗe tana hawa wuta. Ɓawon yana toshe siraran hanyoyin lagireto, yana kuma shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, har inji ya riƙa zafi alhali lagireto a cike yake.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. A yawancin manyan injunan gazuwal, hannun rigar silinda, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, ruwa ne ke taɓa bayansa kai tsaye. Duk bugun da inji ya yi, bangon yana girgiza, ƙananan kumfa na tasowa a jikinsa suna fashewa da ƙarfi, suna gutsurar ƙarfen kaɗan-kaɗan. Wanda ya taɓa ganin irin wannan bututu bayan an ciro shi a gareji zai tuna kamanninsa: layin ramuka a tsaye, kamar gara ta ci itace, wani ramin har ya huda zuwa ciki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ruwan magani na manyan motoci yana ɗauke da sinadaran da ke lulluɓe bangon da wata siririyar riga mai kare shi, abin da ruwa zalla ba zai taɓa yi ba.

Haɗin da aka saba shi ne rabi magani, rabi ruwa. Irin wannan haɗi ba ya tafasa sai wajen digiri 107, kuma idan murfin lagireto na riƙe matsi yadda ya kamata, iyakar tana ƙara hawa sosai. Kada a ce tunda magani na da amfani bari a zuba shi zalla, domin bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. A karanta jikin galan a gani ko an riga an haɗa shi, ko kuwa sai an sirka. Idan za a sirka, a nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. In tafiya ta kama a daji babu yadda za a yi, a zuba ruwa mafi tsabta da aka samu, amma da an iso gari a gyara haɗin. Kada kuma a gauraya magani iri biyu don kawai launinsu ya zo ɗaya, domin launi rini ne, kowane kamfani da nasa, littafin motar ne ke faɗin irin da ya dace. Tsohon samfuri yakan buƙaci sauyi duk bayan shekara 2, tare da ƙarin sinadari a tsakani ko sauya matatar ruwa ga injin da ke da ita, sabon samfuri kuwa yana daɗewa fiye da haka.

Dubawar kullum da asuba ake yinta, inji na sanyi. A duba matakin ruwa a tankin ajiya, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo, a matsa tiyo da hannu: wanda ya yi laushi kamar tsumma, ko ya kumbura, ko ya bushe ya tsattsage, lokacin sauya shi ya yi. A danna bel ɗin fanka da babban yatsa, in ya lotsa fiye da kamar santimita 1 ko yana ƙyalli, a ɗaure shi ko a sa sabo. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa, kuma idan aka ga sawun ruwa ya bushe a bakin ramin, alama ce ta cewa robar cikinsa ta fara gajiya. Murfin lagireto shi ne mafi araha a duk kayan nan, shi ne kuma aka fi mantawa da shi, alhali robarsa kaɗai in ta tsage matsi ya tafi.

Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suna cika fuskar lagireto, kuma mafi munin tarin yakan ɓuya ne tsakaninsa da na'urar sanyaya iskar turbo da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa sai an haska fitila. A hura iska ko ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, a hankali, don ƙarfin da ya yi yawa yana lanƙwashe siraran ganyayen ƙarfen ya ƙara toshe hanya.

Sai batun tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 88 kafin ya buɗe masa hanyar lagireto. Al'ada ce a wurin wasu makanikai su cire shi su jefar, wai ƙasarmu da zafi. A ganina wannan ɓoye cuta ne kawai. Injin da ke zafi yana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko fanka ba ta kamawa, ko famfo ya ci, kuma cire tamostat ba ya gyara ko ɗaya. A injuna da yawa ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, don haka in babu shi wani kaso na ruwan ba zai bi ta lagireto ba sam. Ga kuma asubar watan Janairu, lokacin da inji zai daɗe bai ɗumama ba, yana shan gazuwal yana cin kansa. Gwada shi ba wuya: a saka shi a tukunyar ruwa bisa wuta, in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarsa lau, in ya ƙi a sayi sabo.

Idan allurar ma'aunin zafin inji ta hau ja a kan hanya, a sauka gefe, a bar inji yana aiki a hankali na ɗan lokaci, sai fa in ruwa na zuba ko bel ya tsinke, nan kam a kashe shi nan take. Kada a buɗe murfi sai tiyo ya huce har hannu na iya riƙe shi, domin tururin yana saɓule fata. Kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa. Ƙwai ko garin taba da wasu ke zubawa don toshe yoyo suna iya kai mota gari, amma suna toshe har inda ba a so, dole a wanke lagireto bayan haka. Idan kuwa aka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a tankin ruwa ba tsayawa, ko farin hayaƙi mai yawa bayan inji ya ɗumama, to gaskit ɗin kan inji ko bangon silinda ya samu matsala, kuma motar ba ta ɗaukar kaya sai makanike ya buɗe ta.

Tsohon ruwan maganin da aka tsiyaye guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi a baki, saboda haka awaki da karnuka na lasarsa, yara ma suna iya kai hannu. A tara shi a jarka mai murfi, a rubuta a jiki, kada a zubar da shi a tsakar gareji ko kusa da rijiya.