Kurakuran da masu neman gobarar daji da jirgi mara matuƙi ke ta maimaitawa

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon da ya shigo aikin nan, shi ya sa na zauna na rubuta. Da zarar an damƙa wa mutum jirgi mara matuƙi mai kyamarar zafi, sai ya ɗauka an ba shi idon da ke ganin wuta ko a ina ta ɓuya. Kyamarar nan ba ta san wuta ba. Zafin da ke tashi daga saman abu kawai take gani, ta gwada shi da na kusa da shi.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tashi da rana tsaka. A shekarata ta farko sai bayan azahar nake fita, wai ai lokacin gobara ke tashi. Allo sai ya cika da farin ɗigo kamar taurari: duwatsu, fako, suri, kwanon da wani ya yar, duk rana ta gasa su. Sau uku ina tura mutane su keta daji da ƙafa, su tarar da dutse. A na ukun, dattijon cikinsu ya dafa dutsen, ya ce mini, "Malam, ga gobararka nan, da me za mu kashe ta?" Kallon kitse na yi ta yi wa rogo, aka yi ta mini dariya.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Kunyar da na sha ta sa na fara raina duk ɗigon da na gani. Wata rana, kwana biyu bayan an yi tsawa ba ruwa, na ga wani ɗan haske a gindin busasshen kututture, bai ma kai duwatsun gefensa haske ba. Na ce dutse ne, na wuce. Ashe tsawa ce ta faɗa wa itacen, wuta na cin saiwarsa a hankali ƙarƙashin ƙasa. Da iska ta taso washegari da yamma, abin da bokiti biyar za su kashe sai da aka kwana ana fama da shi. Har yau hoton yana kwamfutata, ɗigon na nan a kusurwar hagu.

Yanzu awa ɗaya ko biyu kafin fitowar rana nake tashi. Dutse ya kwana ya huce, ƙasa ta yi sanyi, abin da ya rage da ɗumi ko dabba ce ko wuta, ita kuwa dabba motsi take yi. In dole ta sa na fita da rana, ina raba allo biyu, hoton zafi da na kyamarar gama-gari gefe da gefe, ina neman siririn hayaƙi ko farar toka. Duk abin da na yi kokwanto a kai, in rubuta wurinsa in dawo masa da asuba. Wasu abokan aiki sun fi son tsakar dare. Ban hana su ba, amma ni na ga babban dutse yana riƙe zafi har bayan ƙarfe goma sha biyu.

Na biyu, hawa can sama don a gama da wuri. Yawancin kyamarorin da ke hannun mutane ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto 640 a kwance, 512 a tsaye gare su. A kan irin jirgin Mavic 3T na kamfanin DJI, in kana mita 120 daga ƙasa, wato iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta yanka, kowane ɗigo yana cin faɗin kusan santimita 16. Garwashin da bai kai haka ba, kyamara gauraya zafinsa take yi da sanyin ƙasar kewaye, ta ba ka lamba mai kwantar da hankali. Ka ga digiri 40 a allo ka ce ba komai, alhali abin da ke wurin zai ƙona tafin takalmi. Haka ma wutar da ke ƙarƙashin toka ko ƙasa, ɗan ɗuminta kaɗai ke fitowa. Ni in na ga abin zargi sai in sauko mita 40 zuwa 50, in kewaya shi ta ɓangare biyu aƙalla, domin ganye mai duhu yana tare zafi. Hayaƙi kyamarar na iya ratsa shi, amma banda rassan itace, hazo mai kauri da gilashi.

Saboda haka kada na ƙara ganin an rubuta "babu wuta" a rahoto. Waye kai da za ka rantse a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa? Rubuta cewa ba ka ga zafi ba a inda kyamara ta kai, ka faɗi lokaci da tsayin da ka tashi, sauran aikin na masu shebur ne, su tona su taɓa da bayan hannu. Gobarar Palisades da ta cinye dubban gidaje a Los Angeles, masu binciken gwamnatin Amurka sun ce wutar ranar 1 ga Janairun 2025 ce, wadda aka ɗauka ta mutu, ta yi ta ci a saiwoyi har iska ta tashe ta ranar 7.

Akwai ƙanana da ba sai na ja ba. Kyamarar tana da ma'auni biyu, ɗaya ya tsaya a digiri 150, ɗaya ya kai 500; na farkon ne na neman ɓoyayyen ɗumi, na biyun sai wuta ta bayyana. Ka bar ta ta yi 'yan mintuna a kunne kafin ka yarda da lambarta, kuma in ka ji ta yi ƙas hoto ya daskare na ɗan daƙiƙa, gyara kanta take yi, ba lalacewa ba ce. Kada ka juya ta ta kalli rana. Minti 45 na shawagi da aka rubuta a kwalin jirgin na ranar da babu iska ne, ni batir na kai kashi 30 nake juyowa.

Wurin da taswira ta nuna kuwa, na jirgin ne, ba na wutar ba. In kyamara a karkace take, abin da kake kallo yana iya zama mita ɗari gaba. Ka je daidai kansa, ka sunkuyar da kyamara ƙasa sosai, sannan ka ɗauki lambobin wurin a taswira.

Sai masu ganin wuta ta kama su ruga da jirginsu ba wanda ya kira su. Ku ji tsoron Allah. Jiragen zuba ruwa ƙasa-ƙasa suke tafiya cikin hayaƙi, kuma da an hango baƙon jirgi mara matuƙi sai a dakatar da su duka. A waccan gobarar ta Los Angeles, ranar 9 ga Janairu, wani ɗan ƙaramin DJI ya huda fiffiken jirgin ɗiban ruwa da aka kawo daga Kanada, ya yi kwanaki a ajiye wuta na ci. Aikinmu kafin wuta ne da bayanta. In masu kashe gobara sun iso, ina saukar da nawa, in cire batir, in je wurin shugabansu da allo a hannu in tambaye shi ko yana buƙatata.