Hutun Dusar Ƙanƙara a Kwarin Shamoni: Kurakuran da Mutanenmu Suka Fi Yi

Shamoni, wanda za ka ga an rubuta Chamonix a tikiti da allunan hanya, gari ne cikin wani kwari mai zurfi a gabashin Faransa, a gindin Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a jerin Alps, sama da mita 4,800. Garin kansa yana kan mita 1,035, kuma a nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Mutumin Kaduna da ya yi niyyar zuwa ganin dusar ƙanƙara ko koyon wasan zamiya a can, yawancin abin da zai ɓata masa tafiya tun a gida yake aikata shi, kafin ma ya hau jirgin ƙasa a Rigasa.

Biza da hanyar jirgi

Filin jirgin da ya fi kusa da Shamoni na Jeniba ne, a ƙasar Suwizalan, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota. Wannan ke sa wasu su nemi bizar Suwizalan, tunda can za su sauka. Ba haka ƙa'idar take ba. Ƙasashen biyu duka suna cikin yankin Shengen, ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga da mutum dukansu, kuma ana neman biza ne daga ƙasar da za ka fi yin kwanaki a cikinta, wato Faransa. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuɗin bizar babba yuro 90 ne, fasfo kuma dole ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Wanda ya bari sai Disamba ta kama kafin ya fara neman ranar ganawa a Abuja, ya riga ya makara.

Sai tikiti mai araha da ya biyo ta Landan. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ta Ingila ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, kuma bizar yawon buɗe ido ta Shengen ba ta ɗauke masa wannan. Ka biyo ta Faris, Furankfot ko Istambul.

Inshorar da ake nema wajen biza, ta aƙalla yuro 30,000, galibi ba ta ƙunshi wasannin ƙanƙara ba. Ka karanta takardar da kyau. A Faransa idan ka karye a kan filin zamiya masu ceto suka sauko da kai, kai za ka biya, kuma lissafin na ɗaruruwan yuro ne kafin a zo maganar asibiti. Wuraren sayar da katin hawa motocin igiya masu kai mutane saman tudu suna sayar da inshorar kwana-kwana a kan 'yan yuro kaɗan. Ka ce a haɗa maka.

Lokaci kuwa, makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantun Faransa na Fabrairu zuwa farkon Maris, su ne na tsada da cunkoso. Janairu bayan sabuwar shekara ya fi sauƙin kuɗi amma ya fi sanyi. Ga ɗan koyo daga ƙasar zafi, tsakiyar Maris ta fi: rana ta yi tsawo, sanyi ya ɗan sassauta, ƙanƙara kuma tana nan.

Maganar da ba ta cikin takardun talla: sikila

Wannan ce ta fi shafar mu fiye da Turawan da suke rubuta jagororin tafiya, shi ya sa ba za ka gan ta a can ba. Abin da kowa ke ɗokin hawa a Shamoni shi ne motar igiya ta Aiguille du Midi, wadda ke ɗaukar mutum daga gari zuwa mita 3,842 cikin kamar minti 20. A wannan tsayin, iskar da huhu ke samu ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba. Kaduna tana wajen mita 600 ne, jikinka bai taɓa sanin irin wannan ba.

Mai jinin SS ko SC, ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki duk suna tayar masa da ciwo, ga su kuma sun haɗu wuri guda. Kada ya hau, kuma tafiyar ma gaba ɗaya sai da shawarar likitansa. Mai AS da bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa shi ma bai tsira ba: a wuri mai tsayi sosai jini kan iya toshewa a saifa, alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Ba kowa yake samu ba, amma idan ya zo ba a jira. A sauko nan take, a kira lambar gaggawa 112, a gaya wa likita cewa mai jinin AS ne. Saboda haka kowa a gidan ya yi gwaji tun a Kaduna, a tafi da takardar.

Ko mai AA, kuskure ne ya hau washegarin sauka. Ka ba jikinka kwana biyu ko uku a kwari da matsakaitan tudu. A sama ka yi tafiya a hankali, musamman a matakala. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ba a yi musu jarumta, magani shi ne saukowa. Ba a barin yaran da ba su kai shekara uku ba su hau. Mai ciki da mai ciwon zuciya su tambayi likita. Wanda bai dace ya je can ba, jirgin ƙasan Montenvers zai kai shi mita 1,913 ya ga kogin ƙanƙara na Mer de Glace, kuma ba ƙaramin kallo ba ne.

Sutura

Mutum ya auna da hunturun Kaduna, inda da asuba ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15 kowa yana kyarma, sai ya ce suwaita biyu da jaket sun isa. A Shamoni cikin Janairu, ƙasa da sifiri ne ruwan dare a cikin gari, kuma duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kamar digiri 6 da rabi. Tsakanin gari da Aiguille du Midi bambancin ya kai digiri 18, ban da iska.

Kuskuren ba ƙarancin kaya ba ne kaɗai, irin kayan ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Ka yi motsi ka yi zufa, ka zauna a kujerar hawa, wadda igiya ke ja zuwa saman tudu, minti goma iska na kaɗawa, sai singiletin da ke jikinka ya koma jiƙaƙƙen tsumma mai zuƙe ɗumi. Shadda, wandon jins da singiletin auduga duk su zauna a masauki. Hawa uku ake sawa. Na ciki mai manne wa fata, riga da wando, na ulu ko na zaren roba. Na tsakiya mai riƙe ɗumi. Na waje, jaket da wando, wanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Na ciki a tanadi biyu don canji, sauran ɗaya-ɗaya sun wadatar na mako.

Yawancin waɗannan ana samun su a gwanjo a Kasuwar Barci da rahusa, tunda ba mai rububinsu a nan. Ka duba tambarin ciki ka ga da me aka yi rigar, ka gwada zif, ka ɗiga ruwa a hannun jaket: idan ya taru ya gangare, da kyau, idan ya nutse, ajiye. Safar hannu ta saƙa ba ta da amfani a dusar ƙanƙara, mai hana ruwa ake so. Ga mata, doguwar abaya da mayafi mai lilo suna iya maƙalewa a kujerar hawa. Hijabi ƙarami mai kama kai da wuya, wanda hular kwano za ta hau kansa, da jaket mai saukowa cinya a kan wando mai faɗi, sun rufe jiki ba tare da haɗari ba.

Yatsa ko kunne da ya daina jin taɓi, ya yi tauri ko ya koma toka-toka, sanyi ne ya fara cinsa, kuma a baƙar fata ba a saurin gani. Ba a murzawa, ba a kara shi a wuta ko jikin hita, domin wurin ba ya ji, sai ya ƙone. Ruwa mai ɗumi ake sa shi, digiri 37 zuwa 39.

A shagon haya da kan fili

Takalmin zamiya mai tauri ne, ɗan koyo kuma yakan nemi wanda ya fi ƙafarsa don ya sake, ya kuma cusa safa biyu. Duka biyun kuskure ne. Ƙafa tana yawo a ciki, ƙwauri ya goge, allon zamiya da ke ɗaure a ƙafarka ya ƙi bin umarni, safa biyu kuma ta matse jini ƙafa ta ƙara sanyi. Safa ɗaya doguwa har gwiwa, ba a cusa wando cikin takalmi. Idan ka miƙe, yatsu su ɗan taɓa gaba. Idan ka lanƙwasa gwiwa, su ja baya, diddige kuma kada ya ɗaga.

Mai shago zai tambayi nauyinka, tsayinka, shekarunka da iyawarka. Da su yake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, don ya saki ƙafa idan ka faɗi. Wanda ya ƙara wa kansa iyawa saboda kunya, an ɗaure masa da ƙarfi ke nan, allon ba zai fita ba, jijiyar gwiwa ce za ta ɗauki murɗiyar. Ka faɗi gaskiya. Allon ɗan koyo, idan an tsayar da shi, wajen haɓa yake kaiwa. Hular kwano kuma ba ta yara kaɗai ba ce.

Launi huɗu ne a filayen Faransa: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi na gwanaye. Gaskiyar da za a faɗa ita ce Shamoni kwari ne mai gangare sosai, sunansa a wajen gwanaye ya yi shi. Ɗan koyo ya tsaya a Le Savoy da Les Planards a cikin gari, ko La Vormaine a Le Tour, daga baya ya gwada Les Houches. Grands Montets ba wurinsa ba ne. Vallée Blanche, wadda ake gani a hotuna, tafiyar kusan kilomita 20 ce a kan kogin ƙanƙara mai ramuka a ɓoye, gwanaye ma da jagora suke bin ta. Kada kuma ka sayi babban katin Mont Blanc Unlimited na mako guda alhali kwana ukun farko a ƙaramin fili za ka yi su, wanda ke da nasa tikiti mai araha.

Aboki da ya iya ba malami ba ne. Zai kai ka inda shi yake jin daɗi, ya ce ka biyo shi. Ka yi rajista da makaranta, irin su ESF masu jajayen kaya, tun kafin ka taso, ka nemi malami mai jin Turanci, darasin safe na kwana uku zuwa biyar. Doka biyu za ka riƙe tun ranar farko: wanda yake gabanka a ƙasa shi ke da hanya, kai za ka kauce masa, kuma ba a tsayawa a tsakiyar fili ko bayan tudu inda na sama ba ya hango ka.

Wai baƙar fata ba ta ƙonewa a rana, a nan maganar ba ta aiki. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, ta ƙasa yake bugo ka, ƙarƙashin hanci da haɓa. Man kaɗanya yana maganin bushewa da tsagewar leɓe, amma ba ya tare rana. A shafa man kariya daga rana mai lamba 50. Ido ya fi shiga haɗari. Wanda ya wuni ba tabarau, da dare zai ji kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba, kuma sai ya yi kwana ɗaya ko biyu a ɗaki mai duhu. Tabarau mai lamba 3 ake so, ko da akwai gajimare. Waya kuma a aljihun ciki, sanyi na kashe batir cikin ɗan lokaci.

Ci da sallah

Abincin yankin cuku ne da dankali, sai mutum ya ɗauka ba matsala. Tartiflette da gutsattsarin naman alade ake yin ta. Raclette tana zuwa da farantin busasshen nama, galibi na alade, amma kana iya cewa a kawo ba shi. Fondue da farar giya ake narka cukunta. Abin sha mai tururi da ake sayarwa a bakin hanya, vin chaud, giya ce aka dafa. Kalmomin da za ka nema a takardar abinci ka guje su: porc, jambon, lardons, diots. Masauki mai kicin ya fi otal ga iyali. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, doka ta hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje. Yaji da busasshiyar kuka ba su cikin wannan.

Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba inda ka saba fuskanta a Kaduna ba, ka duba manhaja. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, Azahar da La'asar suna zuwa kusa da juna kana kan fili. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Ka tambayi malaminka hukuncin kwanakin da za ka yi tun kafin ka tashi, ka kuma yi alwala a masauki kafin ka ɗaure takalmi.

Mota da sauran ƙananan abubuwa

Hayar mota ba ta zama dole ba, akwai motocin haɗaka daga Jeniba, cikin kwarin kuma bas da jirgin ƙasa na zirga-zirga. Ka tambayi masaukinka katin baƙo da ke sauƙaƙa kuɗinsu. Wanda ya nace sai ya tuƙa, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a yankin. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayyu ne, filoginmu mai baki uku ba ya shiga, ka taho da mahaɗi.

Zazzaɓi idan ya kama wani bayan kun isa, kada a ce sanyi ne kawai. Cizon sauron Kaduna kan ɗauki mako ɗaya, biyu ko fiye kafin ya bayyana, likitan tsauni kuma mura zai fara zato. Ka gaya masa daga Najeriya kuka zo da ranar da kuka taso, ka nemi a yi gwajin maleriya a ranar.